Golan Ajiya

A gidan Ovila Fradette, da zarar sanyi ya kama har kogi ya daskare, maigidan yakan fita bayan gida da bokiti ya yi ta kwarara ruwa a fili, yau a zuba gobe a ƙara, har wurin ya yi santsi kamar madubi. A nan 'ya'yansa maza suka koyi wasan hoki, wanda ake buga faifan roba da sanda a kan ƙanƙara, yadda 'ya'yan kowa suka koya a wannan gari na bakin kogin Saint-Maurice, garin da ba shi da abin taƙama sai coci da masana'antar takarda.

Donat ne autan maza. Idon sawunsa ba shi da ƙwari. In an ɗaura masa takalmin ƙanƙara sai ƙafafun su lanƙwashe ciki, yana tafe yana tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Yayyensa suka gaji da jiransa. Wata rana babbansu, Ubald, ya cika tsofaffin buhunan dankali da garin katako, ya ɗaure masa a ƙwauri, ya ajiye guntayen itacen wuta biyu a bakin fili a matsayin raga, ya tsayar da shi a tsakaninsu.

"Tsaya nan. Ba gudu, ba komai. In faifai ya zo ka tare."

"In ya same ni fa?"

"Ai shi ne aikin."

Baƙin faifan roban nan, in ya sha sanyi, ba shi da maraba da dutse. Na farkon da ya same shi a gwiwa sai da ya yi kuka. Tun daga ranar tsoron faifai ya shige shi, tsoron kuma ya zame masa malami. Ya koyi kallon kafaɗar mai bugu da inda idonsa ya karkata, ya san inda faifai zai bi tun bai bar sanda ba, don kawai ya tare shi kafin ya iso inda zai yi masa ciwo. Yayyen suka wayi gari ba sa iya zura masa ko ɗaya. Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan shinge.

Ovila yakan tsaya a bakin ƙofa yana kallo, lofe a baki, hannunsa na dama a aljihu, hannun da injin masana'anta ya cinye wa yatsu biyu. Ba mai yawan magana ba ne. Ran nan dai ya shiga kicin ya ce wa matarsa, "Wannan yaron ba zai shaƙi warin masana'anta ba."

Shi kuwa Donat abin da ransa yake so daban ne. Kawunsa yana da rumfar sassaƙa kwale-kwale a bakin kogi, in ƙanƙara ta narke can yake wuni yana goge katako. Ya so ya gaji sana'ar. Da ya faɗa wa babansa, sai Ovila ya dube shi kamar ya yi saɓo a cikin coci, ya ci gaba da cin abincinsa. Maganar ba ta sake tashi ba.

Yana ɗan shekara goma sha shida wani mutum ya zo gidan a mota, da doguwar kwat mai kyau. Wakilin wani babban kulob ne na ƙetaren iyaka, a Amurka. Aka ba shi kujerar da ta fi kyau a kicin, aka zuba masa miyar wake da naman alade. Ya ci, ya yaba, ya goge baki, ya fito da takarda. Da Ingilishi aka rubuta ta, gidan kuwa ba mai jin Ingilishi. Mutumin ya fassara da gurgun Faransancinsa: kulob zai ɗauki yaron, ya ciyar da shi, ya horar da shi.

Uwar yaron ta ce, "Zuwa yaushe?"

"Uwargida, ai mu ba ma yar da namu. Wanda ya shigo gidanmu ya zama ɗan gida."

Ovila ya riƙe alƙalami da sauran yatsunsa ya sa hannu. Sai daga baya Donat ya gane abin da ake nufi da ɗan gida. A wancan zamani kulob ɗin da ya fara ɗaukarka shi ke da kai har tsufanka. In ya ga dama ya ajiye ka a inda ya so, in ya ga dama ya sayar da kai, in ya ga dama ya ƙi sayarwa. Kai dai ba ka da ikon ɗaga ƙafa ka koma wani wuri.

Ranar tafiya rabin gari ya fito tashar jirgin ƙasa. Fada, limamin cocinsu, ya sa masa albarka. Ovila ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka ga mutanen nan? Duk kai suke kallo. Kada ka dawo mana da kunya."

"To, Papa."

Babbar gasa a lokacin ƙungiyoyi kaɗan ne a cikinta, kowace kuma gola ɗaya take riƙewa. Ragar kulob ɗin Donat tana hannun wani dogon mutum mai suna Haldane, wanda ba a taɓa jin ko mura ta kwantar da shi ba. Don haka bayan Donat ya gama wasan matasa sai aka tura shi ƙaramar ƙungiyar kulob ɗin, a wani garin masaƙu a Amurka, aka ce ya jira.

Gola a zamanin nan da fuskarsa a buɗe yake tsayawa. Faifai ya tsaga wa Donat gira, ya karya masa hanci, ya zubar masa da haƙoran gaba. In jini ya ɓalle sai a dakatar da wasa, a ja shi ɗakin sauya kaya, a kwantar da shi a kan tebur, a ɗinke wurin ba allurar kashe zafi. 'Yan kallo suna can suna buga ƙafa a katako, don babu wani golan da zai maye gurbinsa. Da an datse zare sai a ɗaga shi a mayar da shi.

Sauran 'yan wasa suna yawo a fili kamar tsuntsaye, in sun gaji su hau benci a canje su. Shi kaɗai ne ba ya fita. Ɗan wurin da aka zana masa a gaban raga bai fi faɗin gado ba, a nan yake tsaye daga farkon wasa zuwa ƙarshe, da sulken fata a ƙafafunsa wanda ke shan ruwa yana ƙara nauyi. Abokan wasansa suka sa masa suna Ƙyaure.

"Ƙyaure, yau sai ka rufe mana gida da kyau. Jiya mun sha giya ta fi ƙarfinmu."

"Ku dubi fuskar nan don Allah. Ta fi taswirar jirgin ƙasa layuka."

Yakan yi murmushi da giɓinsa. Shi ne golan da ya fi kowa a ƙaramar gasa, kowa ya san haka, kuma shekara tana bin shekara yana nan inda aka ajiye shi. Duk farkon kakar wasa yakan je ofishin manajan kulob, wani mai suna Prescott, ya tsaya da hula a hannu. A lokacin ya riga ya iya Ingilishi.

"Yallaɓai, na ji an ce wata ƙungiya ta neme ni."

"Ta nema. Ba ma ita kaɗai ba."

"To, da na ce ko..."

"Ko me? In ɗauke ka in miƙa wa abokan hamayyata, ka zo ka hana ni cin wasa a gidana? Kana da mota, Fradette?"

"Ba ni da ita, Yallaɓai."

"In ka saya za ka ga wata taya a baya wadda ba ta taɓa ƙasa. Ba wanda ke sayar da ita don ya ga ba ta aiki. Koma ka ci gaba da ƙoƙari. Haldane ba ƙarfe ba ne."

A garin masaƙun akwai unguwar masu jin Faransanci, waɗanda iyayensu suka gangaro daga ƙasar su Donat neman aiki. A ƙofar cocinsu ya haɗu da Colette, wata ma'aikaciyar masaƙa mai kaifin baki. Ta ƙare masa kallo ta ce, "Kai ne golan? An ce mini kyakkyawa ne. Da alama labarin ya kwana biyu." Kafin shekara ta zagayo sun yi aure, suka kama ɗakuna biyu a saman wani kanti. Aka haifa musu 'ya mace, Mireille.

Colette ce ke cire masa zaren ɗinki, a bakin taga inda haske ya fi, da ɗan almakashinta. Ita ce kuma ta fara ganin abin da ba wanda ya gani. Ranar wasa ba ya iya haɗiyar abinci. Yakan zauna a bakin gado ya zuba wa bango ido. In tattabara ta tashi kusa da shi a kan titi sai ya zabura. Wata rana Mireille ta jefar da cokali daga kujerarta, ya cafke shi a sama ba tare da ya duba ba, sannan ya zauna yana haki kamar wanda aka biyo.

Da labari ya fara yawo cewa wasu gololi sun soma sa marufin fuska, sai Colette ta je wurin wani mai haɗa haƙoran roba ta roƙe shi, ya auna fuskar Donat ya yi masa. Donat ya sa shi ya fita atisaye da safe. Koci ya busa usur ya tsayar da kowa.

"Wannan kuma mene ne? Wasan dodanni muke yi?"

"Don fuskata ne, koci."

"Golan da ke tunanin fuskarsa ba ya tunanin ragata. Cire. In Yallaɓai Prescott ya ji ka fara jin tsoro, ko Haldane ya mutu ba kai zai kira ba."

Ya cire. Da ya dawo gida Colette ta ga abin a cikin jakarsa ba ko ƙwarzane.

"Ka cire ke nan."

"Na cire."

"To fuskar nan tawa ce ko tasu?"

"Tasu ce, Colette. Papa ya sa hannu."

Yana dab da shekara talatin, tun yana sa rai har ya fara fiddawa, sai wata Asabar da hantsi mai kantin ƙasa ya ƙwala masa kira ya zo ya amsa waya. Daga kulob ne: faifai ya fasa wa Haldane ƙashin kumatu, yana asibiti. Donat ya kama jirgin ƙasa nan take.

Wasan ranar Lahadi ne da la'asar. Bai taɓa ganin jama'a haka ba, hawa bisa hawa har rufi, hayaƙin taba ya yi gajimare a ƙarƙashin fitilu. Ya je ya tsaya a gaban raga. Bugun farko ya zo ƙasa-ƙasa, ya doke shi da sanda. Na biyu ya same shi a ƙirji. Daga nan jama'ar ta ɓace masa, ba abin da ya rage a duniya sai baƙin faifai. Abokan hamayya suka yi ta ruwan bugu, ta sama, ta ƙasa, ta tsakanin ƙafafun mutane, yana tarewa. Ana gab da tashi ɗan wasansu mafi gudu ya kufce shi kaɗai, ya taho, ya yi kamar zai bi dama. Donat bai motsa ba, don kafaɗar mutumin ta riga ta gaya masa gaskiya. Faifai ya tashi hagu, ya faɗa cikin safar hannunsa. Aka tashi ba a zura masa ko ɗaya ba.

Da ya kira gida, Ubald ya ce masa duk gari ya taru a zauren coci an kewaye rediyo. Mai sharhin wasa ya yi ta kwaɓa sunan Fradette, amma ba wanda ya damu. "Papa bai zauna ba tun da aka fara har aka gama. An ba shi kujera ya ƙi."

Washegari da safe Donat ya riga kowa zuwa ɗakin sauya kaya, ko dai ya zaci ya riga. A kan bencin gola ya tarar da wani dogon mutum a zaune, rabin fuskarsa a kumbure ya yi baƙi, ido ɗaya a rufe, yana fama da igiyoyin sulken ƙafa.

Mutumin ya ce, "Kai ne Fradette."

"Ni ne."

"Na ji wasan a rediyon asibiti. Ana busa tashi na ce wa nas ta miƙo mini wandona."

"Ai ba ka warke ba."

"Yaushe na taɓa warkewa?" Haldane ya ɗaga hannunsa, yatsun duk a karkace. "Wannan a karye na yi wasa da shi. Na yi da haƙarƙari a karye, na yi da zazzaɓin da ko raga ba na gani sosai. Duk ranar da na ce ina jin ciwo sai Prescott ya ce ba komai, je ka huta, akwai wani Bafaranshe a ƙasa yana jira. Shekara da shekaru da sunanka ake tashina daga gado."

Donat ya daɗe yana ƙin mutumin nan ba tare da ya taɓa yi masa magana ba. Ya sha yi masa fatan karaya, har sai da ya je ya furta wannan zunubi a gaban Fada. Ga shi yau a gabansa, tsoho kafin lokacinsa.

Ya ce, "Ni kuma da sunanka ake zaunar da ni."

Haldane ya yi dariya da rabin bakin da ke motsi. "To ka gani. Zo ka taimaka mini da igiyar nan, hannuna ba ya kaiwa baya."

Donat ya durƙusa ya ɗaure masa sulken, igiya bayan igiya, ya ja su yadda ya san gola yake so. Da rana Prescott ya miƙa masa tikitin komawa, ya girgiza masa hannu da fara'a.

"Ka yi abin a yaba. Yanzu kam na tabbata ba zan taɓa rabuwa da kai ba."

Kafin kakar ta ƙare, a can ƙaramar gasa, faifai ya same shi a maƙogwaro. Ya faɗi yana shure-shure, numfashi ya ƙi shiga, sai da aka kwashe shi zuwa asibiti ranga-ranga. Ya tashi, amma muryarsa ta dishe, haka ta zauna har ƙarshen ransa. Colette ba ta yi shawara da kowa ba ta ɗaure kayansu. Suka koma garinsu na bakin kogi.

Kulob ya sanar cewa ya dakatar da shi saboda ya tafi ba izini. Ma'anarsa, ba wata ƙungiya a ƙasarsu ko a Amurka, ko ta ƙauye ce, da za ta ba shi riga. Kawunsa ya rasu, an rushe rumfar an gina gidan mai, mutane sun koma sayen kwale-kwalen alminiyam. Ubald ya samo masa aiki a masana'antar takarda, wurin tura gungume. Ma'aikatan ba su yi masa ba'a ba. Da ba'ar suka yi da ya fi sauƙi. In ya shigo wurin cin abinci sai hira ta mutu, su dube shi su kau da kai, kamar ya ƙwace musu wani abu nasu.

Ovila ya riga ya bar aiki, ciwon ƙirji ya zaunar da shi a kujera kusa da murhu. In Donat ya gaishe shi sai ya amsa wa murhun. Wata Lahadi bayan coci Donat ya ja kujera ya zauna a gabansa.

"Papa, na kusa mutuwa a kan ƙanƙarar nan."

"A masana'anta ba a mutuwa ne?" Tsohon ya fito da guntun hannunsa ya ɗora a gwiwa. "Ni na ba su wannan. Ka taɓa jin an faɗi sunana a rediyo?" Tari ya sarƙe shi, sai da ya lafa ya ƙarasa. "Na fitar da ɗa ɗaya daga wancan ramin. Ɗaya tak. Sai ga shi ya dawo da ƙafarsa."

Da maganar uban ce kaɗai, wataƙila da ya jure. Amma sanyi ya dawo, kogi ya daskare, jikinsa ya fara yi masa abin da ya saba. Ranar Asabar, ranar da ya saba wasa, abinci ya ƙi shiga, alhali ba wasan da ke jiransa. In an tashi aiki sai ya tsinci kansa a jikin shingen filin coci yana kallon samari, hannunsa na hagu yana ɗagawa da kansa duk lokacin da aka buga. A masana'anta ba shi da gwanintar komai, gungume ya sha kufce masa, yaran da ya girme suna gyara masa riƙo. Abu ɗaya ne a duniya ya iya fiye da kowa, shi ne kuma abin da yake tsoro fiye da komai.

Colette ta same shi a bakin shingen wata rana da yamma, dusar ƙanƙara ta taru a hularsa. Ta tsaya kusa da shi ta ce:

"Na ɗauka su kaɗai suka ɗaure ka. Ashe da hannunka aka yi ƙullin."

"Ban san yadda ake wani abu ba, Colette."

"To je ka. Amma ni da Mireille muna nan. Ta shiga makaranta, ni kuma na gaji da cire zare."

Prescott ya karɓe shi ba faɗa ba tsawa. Sai dai bai mayar da shi garin masaƙu ba. Ya tura shi can yamma mai nisa, wata ƙungiyar da ta fi waccan ƙanƙanta, don saura su ɗauki darasi. Nan Donat ya yi shekaru yana yawo a bas cikin filayen alkama da dusar ƙanƙara ta binne, daga wannan gari zuwa wancan, iyalinsa sai in ƙanƙara ta narke yake ganinsu. Mireille takan ɓuya a bayan uwarta in ya shigo, kafin ta saba da shi lokacin komawa ya yi.

A tsakiyar wani sanyi Ubald ya kira ya ce Papa ya cika. Donat ya je wurin kocin ƙungiyar ya nemi izinin tafiya.

Kocin ya ce, "Na yi maka ta'aziyya, Fradette. Amma in ka tafi wa zai tsaya mini? Kuma ai ƙasa a daskare take a wajenku, sai ta narke za a binne shi. Kafin nan mun gama."

Gaskiya ya faɗa. An ajiye gawar a ɗakin dutse na maƙabarta tare da sauran mamatan sanyi. Donat ya tsaya a raga a wannan makon da na bayansa, har kaka ta ƙare. Da ƙasa ta yi laushi ya zo aka binne babansa da shi.

Ya haura talatin da biyar lokacin da aka faɗaɗa babbar gasa, aka kafa sababbin ƙungiyoyi, aka kuma ce kowace ta riƙe gola biyu. Ɗaya daga cikin sababbin ta zaɓe shi, Prescott ba yadda ya iya. Yanzu ba mai hana gola rufe fuska. Abin da ya jira tun yana saurayi ya zo, sai dai ya zo ya tarar da wani mutum daban. Gwiwoyinsa sun ƙare. Idonsa na hagu yana ganin inuwa a gefe. Samarin zamani sun lanƙwasa bakin sandunansu, faifai yana tasowa yana nutsewa a iska yadda kafaɗar mutum ba ta nunawa. Ya yi 'yan wasanni, wasu da kyau, wasu kuwa har 'yan kallo suka yi ta rera masa "Kwando, kwando." Yawancin lokaci a ƙarshen benci yake zaune da tawul a wuya, yana buɗe wa 'yan wasa 'yar ƙofar shiga fili yana rufewa.

A ƙarshen kaka ta biyu manajan sabuwar ƙungiyar, wani matashi mai ladabi, ya kira shi ofis.

"Mun sake ka, Malam Fradette. Yanzu ba wanda ke da kai. Duk kulob ɗin da ka ga dama kana iya zuwa."

Donat ya yi godiya. Ya fito da jakar kayansa a kafaɗa ya tsaya a wurin ajiye motoci, rana tana dukan kwalta, ya rasa ta ina zai fara. Ya zauna a ɗakinsa na haya yana jiran waya har ganye ya fito a itatuwa. Ba kulob ɗin da ya kira. Sai ya ɗaure kayansa ya tafi gida.

Hukumar gari ta ba shi tuƙin motar share dusar ƙanƙara. Ya riƙe aikin har ya yi ritaya, kuma an ce ba a taɓa samun wanda ke share kwanar titi da tsabta kamarsa ba. Mutane sun yafe masa komai, sun manta da shekarun jira da na benci, wasan Lahadin nan kaɗai suka riƙe. A shagon aski, a ƙofar coci, a wurin biki, sai an tare shi an ce ya ba da labarin yadda ya cafke bugun ƙarshe. Yakan bayar da disasshiyar muryarsa, yadda suke son ji. Filin wasa kuwa bai sake shiga ba.

Sun tsufa shi da Colette, Mireille ta yi aure ta koma birnin Trois-Rivières. Wata rana suna cin abincin rana a kicin, Colette ta ajiye cokali ta dube shi.

"Donat, tsakaninka da Allah, akwai abin da ka taɓa so a cikin wasan nan?"

Ya juya miya da cokali, ya ce:

"Akwai. Wani lokaci wasa yakan koma can ɗaya gefen ya daɗe. Duk jama'a su juya kai can, ba mai kallona. Sai in miƙe tsaye, in jingina da ƙarfen raga. Har ƙarar ƙanƙara nakan ji a ƙarƙashin ƙafata. Wannan ina so."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Duk shekarun nan, da haƙoranka, da muryarka, don wannan?"

"Ai ban ce ya biya ba. Tambayata kika yi."

Colette ta girgiza kai, ta tura masa kwandon burodi. Ya ɗauki yanki ɗaya ya tsoma a miya don ya yi laushi.